Bindigar Farauta da Takardar Izini a Kotunan Ingila

Shirinmu na yau zai leƙa kotunan Ingila da Wales, mu ji abin da ke samun mutumin da aka kama da bindigar farauta ba tare da takardar izini ba. Ina nufin irin wadda manoma ke harbin zomo da tsuntsaye da ita, wadda harsashinta ke watsa ƙananan dalma.

Dokar Makamai ta 1968, sashe na 2, ita ce tushen maganar. Shugaban 'yan sandan yanki ne ke ba da takardar, kuma shekara 5 take yi kafin a sabunta. Sai an binciki halin mai nema, an ji ta bakin likitansa, an kuma tabbatar yana da wurin ajiya mai makulli, galibi akwatin ƙarfe da aka kafe a bango. Ranar da takardar ta ƙare, in ba a ƙara wa'adinta ba, bindigar da ke cikin akwatin nan ta zama laifi, ko da ba a taɓa ta ba.

To, wurin da abin ke ba mutane mamaki ke nan. Wajen tabbatar da laifi, kotu ba ta tambayar me ka ƙudurta a zuciya. Tana hannunka? Kana da takarda? Shi ke nan. "Na gada ne daga mahaifina", ko "mantuwa ce ta sa ban sabunta ba", duk ba sa wanke mutum.

A 2009 wani tsohon soja a yankin Surrey ya ce ya tsinci bindigar da aka datse wa baki a cikin leda a bayan gidansa. Bayan 'yan kwanaki ya kai ta ofishin 'yan sanda da ƙafarsa, aka kama shi, kotu kuma ta same shi da laifi. Irin wannan datsattsiyar bindiga tana cikin haramtattun makamai, waɗanda mafi ƙarancin hukuncinsu shekara 5 ne. Da alƙali ya duba yadda abin ya faru, sai ya yanke masa ɗaurin talala na wata 12.

A lokacin yanke hukunci ne niyya ke samun bakin magana. Tun 1 ga Janairun 2021 alƙalai ke bin ƙa'idar da Majalisar Tsara Hukunci ta shimfiɗa. Suna duba ko bindigar a ɗure take, ko an harba ta, ko an razana jama'a, ko akwai alamar an tanade ta don aikata ɓarna. Manomin da ya yi sakaci yana iya tsira da tara ko aikin gayya ga al'umma. Wanda aka kama da ita a ɗure a cikin mota tsakar gari kuwa, ya shirya zaman kurkuku, wanda ƙarshensa a laifin rashin takarda shekara 5 ne. Amsa laifi da wuri kan rage har kashi ɗaya bisa uku, sannan kotu na iya ba da umarnin a ƙwace bindigar a lalata.

Wasu na ganin an cika tsanani. Ni dai ban ga haka ba. A Agustan 2021 wani matashi ya kashe mutum 5 a Plymouth da bindigar farauta, alhali yana da takardarsa, wadda 'yan sanda suka taɓa karɓewa suka mayar masa. In mai takarda ya yi wannan ta'asa, wane alƙali zai ɗauki marar takarda da wasa?

Saboda haka, 'yan uwa mazauna Birtaniya, duk wanda ya ci karo da bindiga, a kayan gado ne ko a bola, kada ya ɗauka. Ya bar ta inda take, ya kira 'yan sanda su zo da kansu.