Wuni Guda a Iskandariyya

Jiragen ruwa na masu yawon buɗe ido, waɗanda ke zaga Bahar Rum, sukan ya da zango a Iskandariyya ta ƙasar Masar da safe, su tashi da dare. Kafin fasinja ya sauka sai an sanar da shi sa'ar komowa. Wanda ya bi ayarin da jirgin ya shirya, in sun makara ana jiransu. Wanda kuwa ya yi gaban kansa ba a jiransa, sai dai ya riski jirgin a zango na gaba da kuɗin aljihunsa.

Da yawansu Alƙahira suke nufa don ganin dalar Giza. Tafiyar ta haura kilomita 200, kusan sa'a 3 zuwa, 3 dawowa, rabin wuni ya ƙare a mota. Alhali kuwa abin gani yana nan bakin gaɓa. Ga masallacin Abul Abbas Almursi, almajirin Shehu Shazali. Daura da shi ga na Imamu Busiri mai Alburda, inda ake ziyartar hubbarensa, baitocin ƙasidar kuma rubuce a bango. Gaba kaɗan ga ribaɗin da Sarki Ƙaitbai ya fara ginawa a 1477, a gurbin tsohuwar hasumiyar nan mai haska wa jirage hanya, wadda girgizar ƙasa ta rusa.

Mai son sayayya ya leƙa kasuwar Aɗɗarin, amma ya taya da ƙasa ƙwarai. 'Yan kasuwar sun san baƙon jirgi ba shi da lokacin jan ciniki, shi ya sa suke tsawwala masa kuɗi.