Letter-spacing: Yadda Ake Daidaita Tazara Tsakanin Haruffa a Shafin Intanet

Yawancin masu gina shafi suna ɓata lokaci wajen zaɓen salon rubutu da kala, amma su manta da tazarar da ke tsakanin harafi da harafi. A wajena, ita ce ke sa a karanta shafi cikin sauƙi ko a gaji da shi.

Wannan ba sabon abu ba ne a nan Ingila. A Birmingham ne John Baskerville ya buga littafinsa na farko a 1757, da salon haruffan da har yau ke ɗauke da sunansa a kwamfuta. Haka kuma in ka hau babbar hanyar M6 daga Birmingham zuwa yankin Manchester, allunan da kake gani an rubuta su da salon Transport, wanda Jock Kinneir da Margaret Calvert suka tsara. Sun auna tazarar haruffan ne don direba ya karanta daga nesa yana cikin gudu. Matsalar mai karatu a waya kusan iri ɗaya ce, ido na sauri, allo ƙarami.

A CSS, abin da ke yin wannan aiki shi ne letter-spacing. In ka rubuta letter-spacing: 0.05em, kowane harafi zai ɗan matsa daga na kusa da shi. In ka sa lamba mai alamar ragi, sai su matse. Ni dai shawarata ita ce a yi amfani da em maimakon px, domin em yana bin girman rubutun. In aka ƙara girma, tazarar ma ta ƙaru.

Ina ya dace? Kanun da aka rubuta da manyan baƙaƙe zalla suna son ɗan buɗi. Amma jikin rubutu, ka bar shi yadda mai salon ya tsara. In ka buɗe da yawa, kalma za ta warwatse, kuma a Hausa "sh" da "ts" su zama kamar haruffa biyu da ba su san juna ba.

Abu biyu kuma namu ne mu Hausawa. In salon da ka zaɓa ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, burauza za ta aro su daga wani salon, sai ka ga tazarar ta karkace. Letter-spacing ba zai gyara wannan ba, canza salon kawai za ka yi. Sannan kada ka sa shi a rubutun Ajami, domin haruffansa a haɗe suke, kuma wasu burauza suna tsinka haɗin.

Ga masu neman aiki a Manchester ko Birmingham, ku riƙe wannan: dokar 2018 ta wajabta wa shafukan hukumomin gwamnati a Birtaniya su zama masu sauƙin amfani ga naƙasassu. Ƙa'idar WCAG 2.1 ta ce in mai karatu ya buɗe tazara zuwa 0.12em, bai kamata wani rubutu ya yanke ko ya ɓace ba.

Don haka kafin ka miƙa aiki, sa 0.12em a shafin gaba ɗaya ka duba maɓallai da menu. In rubutu ya fito waje, akwatin ne ya yi ƙunci, faɗaɗa shi. Ku gwada a naku shafin, ku gaya min abin da kuka gani.