Littafin Labari Ba Shi Ke Lalata Yara Ba

A Arkilla, kamar sauran unguwannin Sakkwato, ba a rasa uban da zai tarar da 'yarsa riƙe da littafin labari ya fizge ya jefa a murhu. Hujjarsa guda ce kullum, wai waɗannan littattafan ne ke ɓata tarbiyya. Da an ji wani matashi ya kama ɗan shago ya jera littattafai, ko yana tara yara ranar Asabar ana karanta waƙoƙi, sai tsegumi ya tashi cewa an buɗe makarantar koyon soyayya. Abin haushi, akasarin masu wannan magana ba su taɓa karanta ko shafi goma na abin da suke tsine wa ba. Yarinyar da aka ƙona wa littafi kuwa, da dare ga ta nan da waya a hannu, babu mai tambayar me take kallo.

Shagon da ake magana a kai ɗaki ne da kantoci da benci. Mai hali ya saya, marar hali ya yi haya ko ya zauna ya karanta, wani lokaci a haɗu a tattauna littafi ɗaya.

A ce a Sakkwato ake jin tsoron littafi, wannan abin kunya ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello sun bar ɗaruruwan rubuce-rubuce. Da Baturen nan Clapperton ya sake zuwa Sakkwato a 1826, cikin tsarabar da ya kawo wa Sarkin Musulmi Bello har da littafin lissafi na Iƙlidis da Larabci, sai Bello ya shaida masa cewa dama gidansu na da shi, gobara ce ta cinye. Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, jajis ɗinta, wato matan da ta koyar, suka riƙa kai wa matan ƙauye. Shehu kansa, cikin Nurul Albab, ya yi kakkausar suka ga malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci.

Nan take mai gardama zai ce, "Ai waɗannan na addini ne, mu labarin ƙarya muke ƙi." To, Malam, wa ya karanta Magana Jari Ce a firamare har yau yana ba da labarin aku Waziri? Wa ya kwana gaban kakarsa yana sauraron Gizo da Ƙoƙi? Gasar da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Dukansu ƙagaggun labarai ne, kuma marubucin na ukun shi ya zama Firayim Ministan Nijeriya. Ba a taɓa jin an ce labari ya lalata shi ba.

Sai kuma littattafan da aka fi tsana, waɗanda ake kira na soyayya. An yi dogon cacar baki a kansu a jaridu a shekarun 1990. Ibrahim Malumfashi, wanda ya koyar a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, na cikin masu sukarsu da sunan Adabin Kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suna kare su. Amma kowane ɓangare ya zauna ya karanta kafin ya buɗe baki. Duk wanda ya yi haka zai ga Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu labarin yarinya ne da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole. Alhaki Kwikwiyo Ne nata kuma a kan magidancin da ya wulaƙanta matarsa da 'ya'yansa yake, har wani kamfani a Indiya ya buga fassararsa ta Ingilishi a 2012. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino yana faɗa ne da fifita kuɗi a kan hali wajen aure. Wane malami ne ba ya wa'azi a kan waɗannan? Matan aure da yawa da ba su yi nisa a boko ba, da irin waɗannan littattafai suka gyara karatunsu na Hausa.

Gaskiya akwai na banza, akwai ma na batsa tsagwaronta. Sai dai a duba inda suke. An ƙona littattafai a bainar jama'a a Kano a 2007, rubutun bai tsaya ba, daga baya ma ya koma WhatsApp da Wattpad, inda marubuci kan ɓoye sunansa ya zuba abin da ya ga dama, yara na bi shafi-shafi cikin dare. Mai shago kuwa an san fuskarsa, an san gidansu, kayansa na kan kanta kowa na gani. Duk unguwar da ta tsangwami mai shagonta har ya rufe, ta miƙa 'ya'yanta ga wanda ba ta san ko sunansa ba.



Abin yi ba shi da wuya. Uba ya karɓi littafin da ya gani a hannun 'yarsa ya karanta da kansa, in ba shi da lokaci ya ba mahaifiyarta ko yayarta. In ya ga abin ƙi, ya faɗa mata dalili ya musanya mata da wani, kada ya bar hannunta wayam. Ya taka da ƙafarsa zuwa shagon, ya gaisa da mai shi, ya gaya masa shekarun yaransa, ya nemi ya ware musu abin da ya dace. Shi ma mai shago ya raba kantar yara da ta manya, ya rubuta sunan duk wanda ya ɗauki haya, ya tashi taro kafin magariba, ya kuma gayyaci iyaye da malaman Islamiyya su zo su zauna. Wanda ya ari littafi ya mayar, don rashin mayarwa ya durƙusar da masu haya da dama. Lokacin hutu a kai yara Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu su ga rubutun hannun magabata da idonsu. In an ji sanarwar bikin littattafai na Sakkwato, SOBAFEST, a raka su maimakon a hana su. Yarinyar da aka ga tana cika littafin rubutunta da labarai kuma a nuna mata gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata marubuta.

Iyayen Arkilla, don Allah kafin a sake jefa wani littafi a wuta, a fara karanta shi tukuna.