Karatu ma yana sa gumi

Iyaye da yawa suna ganin yaron da ya wuni da littafi a hannu bai tsinana komai ba. In ya ce ya gaji, sai a ce masa ai ba noma ya yi ba. Alhali da za a duba jikinsa, da an ga shaidar aiki.

A 1964 wasu masana biyu na Jami'ar Shikago, Eckhard Hess da James Polt, suka ba mutane lissafin sau su yi da ka, suna ɗaukar hoton idanunsu. Sai suka ga baƙin nan na tsakiyar ido yana buɗewa, kuma iya wuyar lissafin, iya buɗewarsa. Bayan shekara biyu Daniel Kahneman da Jackson Beatty suka riƙa karanta wa mutane lambobi ɗaya bayan ɗaya don su riƙe. Kowace lamba ta shiga, idon ya ƙara faɗi. Da mutum ya fara maido da su, sai idon ya riƙa tsukewa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, in lissafi ya gagari mutum ya haƙura a ransa, idon kan tona masa asiri tun bai buɗe baki ba.

Ba ido kaɗai ba ne. Bugun zuciya yana ƙaruwa, tafin hannu ya jiƙe, wuya da kafaɗa su sage. Jijiyoyin da ke shirya mutum ya gudu in kare ya biyo shi, su ne ke farkawa in an ɗora wa ƙwaƙwalwa nauyi, suna sa a saki sinadarin adrenalin. Kaɗan daga wannan alheri ne, shi ke tattara hankali wuri guda.

Matsalar tana zuwa in an wuce gona da iri. Tun 1908 Robert Yerkes da John Dodson suka gwada ɓeraye da ɗan jan lantarki. In darasin mai sauƙi ne, ƙarin zafi yana hanzarta koyo. In mai wuya ne, zafin da ya yi yawa ɓata lamari yake yi. Malamin da ke tsaye da bulala a kan yaro yana tambayarsa lissafi ya kamata ya san wannan. Zuciyar yaron ta riga ta tashi saboda aikin kansa, tsoro kuma ya zo ya cika ta. Haka ɗalibin da ya haddace komai yakan zauna gaban kwamfutar JAMB kansa ya ɗauke ɗif.

Su ma ɗalibai suna ƙara wa kansu. Da jarrabawa ta matso sai goro, Nescafé da lemukan ƙarin kuzari. Kafin jiki ya rage rabin sinadarin kafeyin da ke cikinsu sai an yi kimanin awa 5, don haka kofin da aka sha bayan isha'i yana nan yana aiki har tsakar dare. Barcin da aka kora kuwa, a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke adana karatun ranar. Masu haɗawa da tiramol sun fi shiga haɗari, don yana kama mutum ya kasa bari, yana kuma iya jawo farfaɗiya.

Gajiyar da karatu ke jawo wa jiki ba sabon abu ba ne a ƙasar nan. A 1960 likitan ƙwaƙwalwa Raymond Prince ya rubuta labarin ɗalibai a kudancin Najeriya masu kukan zafi a ka da wuya, gani dishi-dishi, da kasa fahimtar abin da suke karantawa. Yaron da ya zo da irin wannan kuka, kafin a ce sammu ne ko ƙiwuya, a tambaye shi awa nawa yake barci, kuma me yake sha. In kuwa akwai ciwon ƙirji, ko suma, ko faɗuwar gaba da ba ta lafawa ko an ajiye littafin, asibiti za a kai shi ba tare da jinkiri ba.