Shuɗin Yusuf Grillo da Kalmomin Launi a Hausa

Tsakanin 1880 da 1915, wasu masu zane na Amurka, irin su George Inness da James Whistler, sun yi fice da wani salon zane da fentin mai. Sukan zaɓi launi guda, kamar shuɗi ko ruwan toka, su yi ta sirka shi da fari ko baƙi. Sukan shafa fentin sama-sama da buroshi, shafi kan shafi, har gefen kowane abu ya dushe kamar ana hangensa cikin hazo.

A Nijeriya, aikin Yusuf Grillo (1934–2021) ya yi kama da wannan. Ya yi karatu a kwalejin Zariya da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma yana cikin ƙungiyar ɗalibai masu zane da aka kafa a can a 1958. Shuɗi da shunayya ne suka mamaye hotunansa, sai dai shi yakan fitar da siffofin mutane da layuka masu kusurwa.

Hausa tana da hanyoyi biyu na bayyana waɗannan matakan launi. Ninki yana rage ƙarfin launi: shuɗi-shuɗi, baƙi-baƙi, fari-fari. Amsa-kama kuwa tana ƙara shi: baƙi ƙirin, fari fat, ja wur. Saboda haka ɗalibin da zai bayyana hoton Grillo bai kamata ya tsaya ga "shuɗi ne" ba. Sai ya nuna inda launin ya yi fari-fari, da inda ya turu har ya kusa zama baƙi ƙirin.