Keken da Baffa Ya Ƙi Hawa

Baffana manomin gero da albasa ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Boɗinga, kusa da Sifawa, garin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815. Mutum ne da aka sani da ɗaukar nauyin wasu. In za a yi gayya shi ke gaba, in an yi rasuwa shi ke fara shiga kabari da magirbi.

Da farkon damina, yana dawowa daga kasuwar Shagari a kan babur, sai ga saniya ta ratso titi. Ya kauce mata, ya faɗi, ƙashin ƙwaurinsa na dama ya karye. A wani asibiti a Sakkwato aka ɗauki hoton ƙashin, aka naɗe ƙafar da filasta, aka ba shi sandunan dogarawa guda biyu. Likita ya gargaɗe shi kada ya taka ƙafar, domin irin wannan karaya takan ci wata uku zuwa shida kafin ta haɗe.

Ciwon bai dame shi kamar yadda hidimar da ake masa ta dame shi ba. Sandunan ya sa aka jingine su bayan rumbu, wai kada baƙi su gani. Sai daga baya matarsa ta lura ya rage shan ruwa, a wannan zafi na ƙasar Sakkwato, don kawai kada ya ta da ɗansa cikin dare ya kai shi bayan gida. Wannan shi ne abin da har yau ke sosa mini rai. Maƙwabta suka yi masa gayya suka nome gonarsa, ya sayar da rago don ya biya su, suka mayar masa da kuɗin. Ranar bai ci tuwo ba.

Wata asuba ya lallaɓa ya tafi masallaci ba sanda, yana dafa bango. A hanyar dawowa ƙafar ta goce. Aka sake komawa asibiti, aka sake gyara daga farko.

A Shagari akwai wani mai gyaran takalma da cutar shan-inna ta shanye wa ƙafafu tun yana yaro. Baffa ya daɗe yana ɗaga shi ya sa a mota ranar kasuwa, ya ɗora masa kekensa a sama. Da mai takalman ya ji labari, sai ya aiko da tsohon kekensa na guragu mai tuƙin hannu. Baffa ya ce a mayar. Hujjarsa ita ce wannan haƙƙin masu lalura ne, shi nasa ciwon na kwana biyu ne, ba zai ci rabon wani ba. Na san ba girman kai kaɗai ba ne, da gaske yake ganin hawan keken kamar ƙwace ne.

Mai takalma bai yi fushi ba. Ya biya kuɗin mota ya zo ƙauyen da kansa, ya rarrafo har bakin tabarmar Baffa, suka gaisa. Sannan ya ce: "Alhaji, shekara nawa kana ɗaga ni gaban mutane ina yi maka godiya? Ashe duk lokacin nan abin kunya kake gani a kaina?"

Baffa ya rasa abin cewa. Limamin ƙauyen, da ya zo dubiya, ya tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) ya taɓa faɗowa daga kan doki ya yi salla a zaune, kuma a ciwon ajalinsa ya fito masallaci yana dogare tsakanin mutum biyu. Ya ƙara da labarin dattijon da ya yi bakance zai je Makka a ƙasa, 'ya'yansa biyu na riƙe da shi, Annabi ya umarce shi da ya hau abin hawa. Duk wannan Baffa ya sani tun yana makarantar allo. Tambayar mai takalma ce ta karya masa gardama.

Juma'ar da ta biyo baya ya hau keken ya tafi masallaci, jikokinsa na tura shi a wurin yashi. Ba wanda ya yi masa kallon banza. Aka ɗauko sandunan daga bayan rumbu, ya yi amfani da su har ƙafar ta warke.

Ta warke, amma ta ɗan gajarce, kuma likita ya danganta hakan da gocewar nan ta hanyar masallaci. Har yanzu Baffa yana ɗingishi. Don Allah, in akwai mai karaya a gidanku, ku riƙa lura da yawan ruwan da yake sha, ku kuma duba inda ya ajiye sandarsa.