Wai mai son ƙungiya zai iya yi mata fatan shan kashi?

Idan ka ce wa ɗan Hilal ko ɗan Merrikh a Omdurman ya yi addu'a ƙungiyarsa ta sha kashi ranar wasa, ka shirya jin baƙar magana. Amma a Amurka wannan muhawara ce da ake yi duk ƙarshen kaka, kuma masu yin ta ba mahaukata ba ne.

Ƙwallon da suke nufi ba irin tamu ba ce, tasu ce ta riƙo da hannu da bangaje-bangaje, a gasar NFL mai ƙungiyoyi 32. A can ba a korar ƙungiya zuwa ƙaramin aji komai lalacewarta. Duk shekara kuma ana rabon matasan 'yan wasa da suka fito daga jami'o'i, abin da suke kira daraf, kuma wadda ta zo ta ƙarshe a teburi ita ke fara zaɓa. Ke nan idan kaka ta riga ta lalace, kowace nasara tana ƙara nesanta ka da yaron da kowa ke so.

A Disambar 2020 New York Jets ta yi wasa 13 ba ta ci ko ɗaya ba, sai ta doke Los Angeles Rams. Magoya bayanta da yawa suka yi ta zage-zage, domin nasarar ta buɗe wa Jacksonville hanyar ɗauke Trevor Lawrence, wanda duk ƙasar ke jira. Wanda Jets ta samu a zaɓi na biyu, Zach Wilson, bai yi abin kirki ba. Sai dai a Janairun 2023 Houston ta ci wasanta na ƙarshe da maki ɗaya tal, ta rasa zaɓin farko, aka kori kocinta Lovie Smith a daren. Da aka zo rabo ta ɗauki C.J. Stroud a na biyu, shi ne kuma ya zama gwarzon sabbin 'yan wasan kai hari na wannan shekarar. Wanda aka ɗauka na farko bai kama ƙafarsa ba. Ashe lissafin ma ba shi da tabbas.

Mu a nan ba mu da daraf, muna da tasjilat, lokacin rajistar 'yan wasa, wanda zafinsa kan fi na wasan kansa. Mai kuɗi shi ke ɗauka. Ku tuna yadda Merrikh ta kawo Stephen Worgu daga Enyimba ta Najeriya bayan ya fi kowa cin ƙwallo a gasar zakarun Afirka ta 2008, ko ranar da Haitham Mustafa, kyaftin ɗin Hilal na shekara da shekaru, ya sa jar riga. Yaro ya yi fice a Atbara ko Shendi ko Port Sudan, kafin ka ankara yana titin Arda. Shi ya sa kofin dauri ya daɗe yana kai da komo tsakanin gida biyu da ke unguwa ɗaya. A nan dole a yi wa Amurkawa adalci: tsarinsu yana ba ƙaramar ƙungiya damar ɗagowa, mu namu kashin dankali ne, babba ya danne ƙarami.

Duk da haka ba na yi mana sha'awar abin da tsarin ke yi wa zuciyar mai kallo. Ɗan wasan da ke fili ba ya buga wa yaron da zai zo baɗi ya ƙwace masa wuri, abincinsa yake nema. Mai zaune a kan benci yana fatan ya zubar da ƙwallo ya riga ya raba gari da shi. Kamar malami ne ya ce wa ɗalibai su faɗi jarrabawa don a ƙaro wa makaranta littattafai. Littattafan za su iya zuwa, amma ka koya wa aji wani hali da zai yi wuyar fita.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya nuna mana darajar nasarar da ba ta kawo komai. Dauri ya tsaya, filayen Omdurman suka zama kufai. A kakar 2024 zuwa 2025 Hilal da Merrikh suka koma buga gasar Muritaniya a matsayin baƙi, alhali sun san ko sun ci ba su za su wakilci ƙasar a Afirka ba. Idan da lissafin riba ake yi, ba dalilin gumi a wasannin ƙarshe. Hilal ta buga su da gaske har ta ƙare a saman teburi, a kakar ta kuma kai zagayen 'yan takwas na gasar zakarun Afirka tana karɓar baƙi a Nuwakshot. Mutanenmu da suka watse daga Mayo da Ingaz zuwa Kassala da Gadarif da Alƙahira, wasu har Kano, sun bi waɗannan wasanni ta waya, intanet na zuwa yana ɗaukewa, kuma ba wanda ya tsaya tambayar me za a samu idan an ci.